Lambar da ke jikin kwali ba ta kiɗa

Duk wanda ya daɗe yana kaɗa jita mai lantarki ya san ranar da kunnensa ya fara ƙosawa da sautin da ke fitowa daga gindin jitar. Yakan tura makunni zuwa maɗaukin sauti na baya, abin da makaɗa ke kira fikof, wanda ke dab da jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a kansa kafin a ɗaure su, sai ya ji sautin ya yi tsini, ya bushe, yana sukar kunne kamar ana kankare tukunya da cokali. Idan ya kai kukansa wurin abokan sana'a, amsar da zai samu kusan ɗaya ce a ko'ina: maɗaukin nan ba shi da ƙarfi, a cire shi a sa mai zafi. Daga nan sai a shiga karatun kwali. Wannan om 8,000 ne, wancan 14,000, ga wani can 16,000, kuma a wurin masu ba da shawarar, wanda lambarsa ta fi girma shi ne gwarzo.

Shawarar nan ta yi wa makaɗa ɓarna mai yawa, kuma lokaci ya yi da za a daina yi mata kara. Lambar da ake dogara da ita ba ta auna abin da ake zaton tana aunawa. Ƙarfin da ake nema maganin wata matsala ce ta shekaru hamsin da suka wuce, wadda kayan kiɗan yau suka riga suka warware. Sannan a mafi yawan lokuta laifin ma ba na maɗaukin ba ne, an bar jaki ne ana dukan taiki. Makaɗin da ke cin abinci da jitarsa, wanda zai haɗa kuɗin biki biyu ko uku ya sayi dala, ya biya kuɗin aikowa, ya jira makonni, ya cancanci a gaya masa wannan kafin ya sa hannu a aljihu.

Abin da ke cikin maɗauki ba shi da wani asiri. Maganaɗisu ne da aka naɗe shi zagaye dubbai da siririyar wayar jan ƙarfe wadda ba ta fi gashin kai kauri ba. Maganaɗisun yana shafar tsirkiyar ƙarfen da ke samansa. Idan ta kaɗa, sai ƙarfin maganaɗisun da ke ratsa naɗin ya riƙa hawa da sauka, hawa da saukar kuma su haifar da 'yar wutar lantarki da ke bin kebul zuwa amfilifaya. A kan wannan ƙa'ida George Beauchamp ya ƙera maɗaukin jitar da kamfanin da aka sani da Rickenbacker ya fara sayarwa a 1932 a Amurka, kuma a kanta ake har gobe. Maɗaukin Stratocaster, jitar da Fender ya fitar a 1954, naɗi ɗaya ne mai zagaye wajen 8,000 a kan sandunan maganaɗisu shida. Na Gibson kuwa, wanda Seth Lover ya nemi rajistar ƙirarsa a 1955 kuma ya hau jitar Les Paul a 1957, naɗi biyu ne da aka jera kafaɗa da kafaɗa, aka juya alƙiblar ɗaya, domin ƙugin wutar gida da ɗayan ya kwaso ya kashe na ɗan'uwansa. Shi ake kira hambaka.

Tsinin da makaɗi ke kuka da shi daga tsirkiya ya samo asali. Tsirkiya ba ta kaɗawa daidai a duk tsawonta. A tsakiya take yin lilo mai faɗi. Kusa da jaki kuwa da ƙyar take motsi, kuma ɗan motsin da take yi a can ya fi ƙunsar siraran muryoyi na sama fiye da kakkaurar muryar tushe. Duk mai molo ko garaya ya san haka: in ya kaɗa dab da jaki sauti ya yi kaifi, in ya matso tsakiya ya yi taushi. Saboda haka ko da an ɗauko maɗaukai biyu iri ɗaya sak, aka sa ɗaya wajen wuyan jita ɗaya wajen jaki, na jakin zai fi rauni kuma ya fi tsini. Halin wurin ke nan. Ana iya rage kaifin, ana iya daidaita shi, amma mai neman muryar jaki ta koma ta wuya da tsirkiya yake faɗa, kuma babu kwalin da zai ci masa wannan yaƙi.

To, mece ce lambar da ake ta ambato? Turjiyar waya ce, wato gwargwadon yadda wayar naɗin ke hana wuta wucewa. Dalilin da ya sa ta shahara shi ne ita ce mafi sauƙin aunawa: kowane mai gyaran rediyo yana da mitar da za ta nuna ta nan take. Idan kaurin waya ɗaya ne, siffar naɗi ɗaya, maganaɗisu ɗaya, to lalle ƙarin turjiya na nufin ƙarin zagaye, ƙarin zagaye kuma na nufin ƙarin wuta. A nan kaɗai lambar take da amfani. Da zarar ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ya sauya, ta tashi daga aiki.

A duba batun waya. Tsofaffin maɗaukan Fender da Gibson mafi yawansu an naɗe su da waya mai lamba 42 a ma'aunin Amurka, kaurinta milimita 0.063. Da yawa daga cikin waɗanda ake kira masu zafi ana naɗe su da lamba 43 ko 44, domin siririyar waya ce za ta shiga ɗan wurin da ake da shi. Lamba 44 kaurinta milimita 0.05 ne, turjiyarta kuma ta ɗara ta lamba 42 da fiye da rabi a tsawo ɗaya. Ke nan idan aka naɗa zagaye 5,000 da wannan, aka naɗa 5,000 da waccan, mita za ta nuna lambobi biyu masu nisa da juna alhali wutar da suke bayarwa kusan ɗaya ce. Kundin kayan kamfanin DiMarzio ma ya isa hujja. Maɗaukinsa HS-3, wanda makaɗin nan ɗan ƙasar Suwidin, Yngwie Malmsteen, ya daɗe yana amfani da shi, turjiyarsa ta haura om 23,000, amma wutar da yake fitarwa ba ta kai milibolt 100 ba, domin naɗinsa na biyu a ƙarƙashin na farko yake, aikinsa kashe ƙugi ne kawai. Super Distortion na wannan kamfani turjiyarsa ba ta kai om 14,000 ba, wutarsa kuwa ta haura milibolt 400. Mai bin lamba zai sayi na farko yana zaton ya sayi zaki, ya tarar ƙarfinsa bai kai rubu'in na biyu ba.

Lambar ma ba ta zama wuri ɗaya. Turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kan kowane digiri na zafi. Maɗaukin da aka auna om 8,000 a masana'anta mai digiri 20, idan aka sake auna shi a wani shago a Sakkwato ko Agadas cikin watan Afrilu, zafi na digiri 40, zai nuna sama da 8,600, ba tare da an ƙara masa ko zagaye ɗaya ba. Duk da haka ana samun masu yin dogon musu a kan bambancin om 300 tsakanin maɗaukai biyu, kamar a nan rai da mutuwa suke. Bill Lawrence, maƙerin maɗaukai haifaffen Jamus wanda ya yi aiki da Gibson da Fender, ya kwatanta neman sanin muryar maɗauki daga turjiyarsa da neman sanin basirar mutum daga girman takalminsa. Ya faɗi haka da daɗewa, kasuwa kuwa ta yi kunnen uwar shegu, domin lamba ɗaya mai girma ta fi dogon bayani saurin sayar da kaya.

Abin da ya fi tsara muryar maɗauki wata siffa ce ta naɗi da masana lantarki ke kira indaktans, ana auna ta da henri. Naɗin da kebul ɗin da ke kai sauti zuwa amfilifaya suna haɗuwa su zama kamar ƙwarya mai amo: akwai wani zango na sauti da suke ƙara wa ƙarfi, abin da ya wuce zangon kuma su danne shi. Maɗaukin Stratocaster mai henri 2.5, idan aka haɗa shi da kebul na mita biyar, tudun amonsa yakan faɗo wajen kaɗawa 4,000 a sakan ɗaya, daidai inda kunnen ɗan Adam ya fi jin tsini. Hambaka mai yawan naɗi, mai henri 8, tudunsa yakan sauka zuwa wajen 2,300. Wannan saukar ce ake ji a ce sauti ya yi kauri. Amma kaurin yana da farashi. Siraran muryoyin da aka danne su ne ke rarrabe tsirkiya da tsirkiya idan an kaɗa shida a lokaci ɗaya, su ne kuma ke sa jita ta fito fili a tsakanin ganguna da piyano da muryar mawaƙi. Sau da yawa sautin da ya yi daɗi a ɗaki, makaɗi yana shi kaɗai, shi ne ke nutsewa a filin biki.

Da zarar an fahimci cewa muryar ta naɗi da kebul ce tare, sai a ga irin asarar da ake yi. Kebul mai tsawo yana sauke tudun amon nan, gajere yana ɗaga shi. Ƙaramar kafasita da ake samu a teburin mai gyaran rediyo da kuɗin da bai kai na kwalbar lemo ba, idan aka liƙa ta da dalma a tsakanin wayoyin maɗauki biyu, tana sauke tudun kamar yadda ƙarin naɗi zai yi. Mamurɗin ƙara sauti shi ma yana da hannu: al'ada ita ce a sa mai om 250,000 ga naɗi ɗaya, mai 500,000 ga hambaka, domin ƙaramar lambar tana rage tsayin tudun, ta tausasa kaifin. Ba baƙon abu ba ne a buɗe jita mai araha a tarar an haɗa maɗauki mai naɗi ɗaya da mamurɗi mai 500,000, sai a yi ta zagin maɗaukin alhali mamurɗin ne ya sake masa linzami.

Akwai kuma wani abu da ya kamata duk mai Stratocaster ko kwaikwayonta ya sani. A tsohon tsarin wayoyinta, mamurɗan rage kaifi guda biyu na maɗaukin wuya ne da na tsakiya. Na jaki, wanda ya fi kowa buƙata, ba shi da ko ɗaya. Guntuwar waya da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, idan aka liƙa ta tsakanin ƙafafu biyu na makunni, tana ba shi nasa rabon, aikin 'yan mintoci. Allah kaɗai ya san adadin lafiyayyun maɗaukan da aka jefa a aljihun tebur saboda rashin wannan guntuwar waya.

Sai tsayin maɗaukin, wanda ba ya cin ko kwabo. Sukurorin da ke gefensa biyu don ɗaga shi da sauke shi aka yi su. Ma'aunin da Fender ke bayarwa ga maɗaukansa na tsohuwar ƙira shi ne milimita 2.4 tsakaninsa da tsirkiya mafi kauri, milimita 2 ga mafi siranta, a auna bayan an danne tsirkiyar a matakin ƙarshe na wuya. Wannan mafari ne kawai. Ɗaga shi kaɗan yana ƙara wuta da cizo, sauke shi yana tausasa sauti ya buɗe shi, ɗaga gefe ɗaya kuma yana gyara rinjayen tsirkiyoyin wannan gefen. Idan ya matso da yawa, maganaɗisu yakan ja tsirkiya, ya gajarta ƙugin ta, har ya sa muryarta ta riƙa rawa. Mutumin da bai taɓa ɗora sukudireba a kan sukurorin nan ba bai san muryar maɗaukin da yake shirin korewa ba.

Masu kare maɗaukai masu zafi za su ce ai manyan makaɗa sun yi amfani da su, kuma gaskiya ne. Sai dai a tambayi dalili. A farkon shekarun 1970, amfilifayoyin Marshall da Fender ba su ba da gurnanin da makaɗan rok ke so sai an murɗe su har ƙarshe, ƙarar da za ta iya tayar da unguwa. Hanya ɗaya ta samun gurnani da wuri ita ce a tura wa amfilifaya wuta mai yawa tun daga jitar. A wannan hali Larry DiMarzio ya fitar da Super Distortion a Niyok a 1972, kuma da shi kasuwar maɗaukan canji ta kafu. Seymour Duncan, wanda ya naɗa wa Jeff Beck wani maɗauki a Landan a 1974, ya kafa kamfaninsa a Kalifoniya a 1976, maɗaukin nan kuma ya zama JB, mai turjiya sama da om 16,000. Waɗannan kayayyaki ne masu kyau, sun kuma amsa wata buƙata ta gaske. Amma tun a shekarun nan aka fara toshe buƙatar ta wasu hanyoyi: Randall Smith na Mesa/Boogie ya jera matakan ƙara ƙarfi a cikin amfilifaya, Marshall ya fitar da masu mamurɗi biyu a 1975 don a sami gurnani ba tare da ƙara ba, fedar Tube Screamer ta Ibanez ta fito a 1979. A yau amfilifaya mafi araha tana da gurnanin da ya fi ƙarfin buƙatar mai ita. Wanda ya ɗora maɗauki mai zafi a kan irin wannan ya cika kunu da sukari ne, sannan ya rasa abin da ya fi tsada a hannun makaɗi, wato tazarar da ke tsakanin kaɗawa a hankali da kaɗawa da ƙarfi. Maɗauki mai matsakaicin ƙarfi ana iya ƙara masa wuta da feda a duk lokacin da aka so. Siraran muryoyin da naɗi mai yawa ya haɗiye kuwa, maido su aiki ne ja.

Bayan bautar lamba akwai bautar suna. Ana sayen maɗauki don an ce wane da shi yake kiɗa, kamar murya abu ce da ake zubawa a kwali. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Mutane da yawa sun yi shekaru suna zaton Les Paul mai hambaka suke ji a faifan farko na ƙungiyar Led Zeppelin na 1969, alhali mafi yawansa Jimmy Page da Telecaster mai naɗi ɗaya ya kaɗa shi. Eddie Van Halen, wanda faifan ƙungiyarsa na 1978 ya sa matasa da yawa neman hambaka mai zafi, tsohon maɗaukin Gibson ya ciro daga wata jita, ya tsoma shi a narkakken kaki, ya dasa a jikin jita mai siffar Stratocaster. Sauran aikin na amfilifayarsa ne da yatsunsa. A Nijar ma, Mdou Moctar, wanda a yau ake sauraron jitarsa a manyan dandalin Turai da Amurka, da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Salon jitar Agadas da duniya ta sani a hannun su Bombino a wuraren biki ya girma, a kan kayan da aka samu, kuma babu wanda ya gane shi da sunan wani maɗauki.

Tatsuniyar da ta fi kowacce tsada ita ce ta hambakan Gibson na ƙarshen shekarun 1950, waɗanda ake kira PAF saboda 'yar takardar da ke liƙe a bayansu mai nuna an nemi rajista. Na asali ana sayar da su dubban daloli, kwaikwayonsu ɗaruruwa. To amma su kansu ba murya ɗaya ce da su ba. An naɗe su ba tare da ƙidaya mai tsauri ba, turjiyarsu tana yawo tsakanin om 7,000 da 9,000, naɗi biyun da ke cikin guda ɗaya sukan bambanta, maganaɗisun kuma ba iri ɗaya ake sa musu kullum ba. Mai cewa zai sayar da ainihin muryar PAF sai a tambaye shi ta wanne daga ciki. Abin lura kuma shi ne, maɗaukan nan da ake ɗauka su ne ƙololuwa ba masu zafi ba ne ko kaɗan.

Za a ce to ai wanda ya canza maɗauki yakan ji bambanci nan take. Yakan ji, amma abubuwa nawa ya canza a ranar? A Stratocaster sai an sassauta ko an cire tsirkiyoyi kafin a ɗaga farantin da maɗaukai ke kai, kuma yawanci sababbi ake mayarwa. Sabuwar tsirkiya ita kaɗai tana sauya murya. Sabon maɗaukin ba a tsayin tsohon ya zauna ba. Idan ya fi ƙarfi, sauti ya fi ƙara, kunne kuwa yana da ɗabi'ar ɗaukar abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna cewa yadda kunne ke jin kakkauran sauti da sirara yana sauyawa da ƙarfin ƙara. A kan wannan duka ga kuɗin da aka kashe, wanda zuciya ba ta son ta yarda ya tafi a banza. Bidiyon gwaji na YouTube ma bai fid da mutum daga wannan ruɗu ba, domin abin da ake ji a can hannun wani ne, da amfilifayar wani, da lasifikar wani, da makirufon wani, sannan a saurara ta wayar hannu.

Duk wannan ba ya nufin canza maɗauki haramun ne. Akwai dalilai na gaske. Naɗi yakan tsinke, musamman idan gumi da danshi sun ci wayar, sai mita ta nuna babu hanya, sauti ya zama siriri ko ya ɗauke. Naɗi yakan yi sako-sako ya riƙa tsuwa idan an ƙara sauti, ko da yake wannan ma tsomawa a kaki yakan magance shi. Akwai ƙugi: wutar Nijeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a sakan, maɗauki mai naɗi ɗaya kuma yana kwaso ta kamar eriya, abin ya ƙara muni a filin biki inda janareta ke aiki kuma soket ba shi da wayar ƙasa. Liƙa takardar jan ƙarfe a cikin ramin jitar yana rage wani ɓangare na hayaniyar, amma ƙugin da ke shiga ta maganaɗisu sai naɗi biyu ke kashe shi. Makaɗin da wannan ya dame shi yana da hujjar komawa hambaka. Haka nan wanda ya gwada komai ya tabbata wata murya dabam yake so, kamar faɗin P-90 da Gibson ya fitar a 1946 ko cizon maɗaukin Telecaster mai farantin ƙarfe a ƙarƙashinsa, babu mai hana shi.

Idan an kai nan, tambayoyin da suka dace ba su da daɗin talla, amma su ne ke raba riba da asara. Shin zai shiga ramin da ke jikin jitar, ko sai an sassaƙe katako? Sassaƙa ba ta da gyara, kuma akwai hambaka masu girman naɗi ɗaya da aka ƙera don kauce mata. Shin tazarar sandunansa ta dace da ta tsirkiyoyi? A jitar Gibson tazarar tsirkiya ta farko zuwa ta shida a wajen jaki ta kusa milimita 50, a ta Fender ta kusa 53, shi ya sa kamfanoni ke yin faɗi biyu. Shin alƙiblar maganaɗisunsa da ta naɗinsa sun dace da na sauran maɗaukan? In ba su dace ba, idan aka kunna biyu tare sai sauti ya zama siriri kamar ana magana ta hanci, kuma launin wayoyi ba ɗaya ba ne daga kamfani zuwa kamfani. Shin mamurɗin da ke ciki ya dace da shi? Masu amfani da batiri mai bolt 9, irin na EMG, mamurɗi mai om 25,000 suke so, da wurin ajiye batirin. Shin ƙarfinsa zai zauna lafiya da na wuya, ko kuwa duk tura makunni sai sauti ya yi tsalle? Henri nawa ne, kuma ina tudun amonsa yake? Kamfanin da ke buga waɗannan lambobi ya fi cancantar amana fiye da mai buga siffofi irin su ɗumi da zaƙi. Daga ƙarshe, jabu sun yi yawa a kasuwannin intanet, ɗauke da tambarin manyan kamfanoni; wanda ya ga maɗaukin dala ɗari ana sayar da shi dala goma sha biyar ya san abin da ya saya.

Tsarin da hankali ya yarda da shi a bayyane yake, daga mai araha zuwa mai tsada, daga mai gyaruwa zuwa marar gyaruwa. A sa sababbin tsirkiyoyi. A daidaita tsayin maɗauki, rubu'in murɗi bayan rubu'in murɗi, ana saurare. A rage kaifi a jikin amfilifaya, a kauda fuska daga saitin tsakiyar lasifika, inda sauti ya fi tsini. A gwada wani kebul. A duba lambar mamurɗi, a ba maɗaukin jaki nasa mai rage kaifi. A kowane mataki a naɗi sauti a waya, a wuri ɗaya, da ƙara ɗaya, a saurara washegari, sannan a gwada tare da sauran makaɗa, domin a cikinsu jitar za ta yi aiki. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a sha'anin kiɗa ji ne ya kamata ya kori abin da ido ya gani a kwali. Wanda ya bi matakan nan kuma har yanzu bai gamsu ba, ya je ya saya. A lokacin ya riga ya san abin da ya rasa, zai iya faɗinsa da baki, ba zai kuma bar mai shago ya zaɓa masa da lamba ba. Tsohon maɗaukin kuma ya nannaɗe shi ya adana, domin ba kaɗan ba ne suka mayar da nasu bayan wata shida.